Iska Ko Zafi? Abin da Ya Kamata Mace Ta Sani Kafin Ta Sayi Handiraya Don Nannaɗaɗɗen Gashi

Idan mace ta shiga shagon kayan wuta neman handiraya, a kasuwar Sabon Gari ta Kano ne, ko Wuse ta Abuja, ko Babbar Kasuwar Yamai, gwajin da aka saba yi guda ɗaya ne. Mai shago zai jona ta, ya kunna, ya ce Hajiya kawo hannunki. Idan zafin ya sa ta janye tafin hannu da sauri, to an yarda kaya ya yi. Daga nan sai a leƙa lambar da aka buga a jikin kwali, 2000 ce ko 3000 ko ma 5000, wadda ta fi yawa ita ce mai daraja, sai a shiga ciniki.

Wannan gwaji abin da ya fi cutar da gashinmu yake aunawa, ya bar abin da ya fi amfanarsa. Zafin da fatar hannu ta kasa jurewa na daƙiƙa biyu shi za a ɗora wa silin gashi na rabin awa, shi kuwa gashi ba shi da jijiyar da zai ji ciwo ya sanar da mai shi. Sai bayan makonni, idan an zo tsifa, a ga guntaye suna zuba a kafaɗa, baki ya tsattsage, gashin ya yi ja ya bushe. A lokacin sai a ɗora laifin a kan mai kitso, ko sabulu, ko hunturu.

Maganar ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, domin mata da yawa sun ajiye rilaksa sun koma gashinsu na asali. Wasu gajiya suka yi da ƙunar fatar kai, wasu kuma batun lafiya ne ya tayar musu da hankali. A watan Oktoban 2022, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, ta fitar da sakamakon wani nazari da ya bi diddigin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. An ga cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa amfani da shi fiye da sau biyu. Alaƙa nazarin ya nuna, bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi kai tsaye ba, amma ya isa ya sa mata da dama sake tunani. To wadda ta bar rilaksa, ranar wankin kai sai ta tarar da sabon aiki: gashi ya tsuke, ya cukurkuɗe, ga mai kitso tana jira. A nan diraya ke shigowa, kuma idan ba a zaɓe ta da sani ba, sai ya zama an gudu ba a tsira ba.

Halin gashin namu

Idan aka yanka silin gashin mutumin Sin ko na Bature aka duba bakinsa da madubin bincike, za a gan shi kewayayye ko kusa da haka. Na baƙar fata kuwa a matse yake ta gefe, kuma ramin da yake tsirowa daga ciki lanƙwasasshe ne, shi ya sa yake fitowa yana murɗewa. Kowace murɗa gaɓa ce mai rauni, a nan sili yake karyewa idan an ja shi da ƙarfi. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ma ba ya samun gangarawa har baki kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi, lanƙwashe-lanƙwashen suna tare shi a hanya. Wannan ne dalilin da gashinmu yake saurin bushewa ko da mai shi lafiyarta ƙalau. Abin da muke kira taurin gashi, sau da yawa ƙishirwa ce.

Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun wallafa nazari a shekarar 2000 kan gashin da ke fita a mataji. Sun tarar da ƙulli a sili 10 zuwa 16 cikin kowane ɗari na gashin baƙaƙen fata, alhali a na sauran jinsuna bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawancin abin da ya fito karyewa ya yi, ba daga saiwa ya tumɓuke ba. A 2001 kuma, mai bincike Geneviève Loussouarn ta Faransa ta auna saurin tsirowar gashin 'yan Afirka, ta samu bai kai santimita ɗaya a wata ba. Idan aka haɗa waɗannan biyu, za a gane abin da ke sa mace ta ce gashinta ya ƙi tsawo shekara da shekaru. Yana tsirowa daga ƙasa, yana karyewa daga sama, lissafin ya tashi babu riba.

A jikin kwalaye da bidiyoyin intanet za ki riƙa cin karo da lambobi irin su 3B da 4A da 4C. Asalinsu tsarin da Andre Walker, mai gyaran gashin Oprah Winfrey, ya fitar a littafinsa na 1997, inda ya kasa gashi gida huɗu, daga miƙaƙƙe zuwa mai ƙananan murɗa. Galibin matanmu suna gida na huɗu, wasu kuma, musamman a zuri'ar Fulani da Shuwa da Buzaye, suna na uku, mai manyan naɗi masu laushi. Amfanin sanin wannan shi ne ya nuna miki irin bakin da za ki buƙata a kan dirayarki.

Abin da zafi ke yi wa sili

Ruwa yana kwance wasu ƙananan ɗaure-ɗaure da ke riƙe da siffar gashi. Idan ya bushe sai su sake ƙulluwa a yanayin da suka tarar da silin. Gashin da ya bushe a sake zai tsuke, wani har fiye da rabin tsawonsa. Wanda ya bushe a jaye zai zauna a miƙe har sai ya sake jiƙa. Ja da bushewa ne ke miƙar da gashi, kuma iyayenmu mata sun san haka tun kafin lantarki ya shigo gari. Naɗin zare da manyan kalaba da ake yi wa yarinya bayan wankin kai, a bar su su kwana, wannan aikin suke yi ba tare da wuta ko kaɗan ba. Diraya gaggauta shi kawai take yi.

Idan zafi ya wuce kima, ɓarnar hawa-hawa ce. Da farko ɓawon da ke lulluɓe da sili yana tsagewa ya ɗaɗɗago, sai gashi ya rasa sheƙi, ya riƙa sarƙewa da ɗan'uwansa. Idan zafin ya ƙaru alhali akwai ruwa a cikin silin, ruwan kan tafasa ya zama tururi, ya bar kumfa a ciki. Likitocin fata sun bayyana wannan larura tun 1986, kuma a 1994 an wallafa labarin wata mata a Amurka da aka bi sawun karyewar gashinta har aka gano dirayarta ce ke yin zafi fiye da ƙa'ida. Mataki na ƙarshe shi ne lalacewar furotin ɗin keratin da aka gina gashi da shi. A nan ne mace za ta wanke kai ta ga wani sashe ya ƙi komawa naɗinsa, ya saki ya yi laɓa-laɓa. Silin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, saboda haka ba ya warkewa. Man kaɗanya da man kwakwa da karkashi za su tausasa shi su rufe aibinsa, amma almakashi ne kaɗai ke raba mace da ƙonannen gashi.

Wannan ba ya nufin a jefar da diraya. A 2011, likitoci a Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu sun gwada hanyoyin busar da gashi, suka maimaita kowace sau 30. An bar wani ya bushe da kansa, an busar da wani daga nisan santimita 15 a zafin digiri 47, wani daga santimita 10 a digiri 61, wani kuma daga santimita 5 a digiri 95. Kamar yadda ake zato, ɓawon gashi ya fi lalacewa inda zafi ya fi yawa. Abin da ya ba da mamaki shi ne, gashin da aka bari ya daɗe a jiƙe shi kaɗai ne ya nuna lahani a sinadarin da ke manne ƙwayoyin sili da juna. Masu binciken suka ƙarƙare da cewa busarwa daga nisan santimita 15, ana motsa diraya ba tsayawa, ta fi barin gashi ya bushe da kansa sauƙin ɓarna. Ba a kan nannaɗaɗɗen gashi aka tsara gwajin ba, amma darasinsa ya shafe mu sosai, domin cikakken gashinmu kan wuni bai bushe ba, balle idan an ɗaura ɗankwali an ɗora hijabi. Macen da ta jiƙa kai don wankan ibada da asuba, ta rufe shi ta tafi aiki ko makaranta, ta san ƙaiƙayi da warin danshi da ke biyo baya, kuma ɗumi da laima su ne abin da ƙwayar da ke haddasa amosani take so.

Iska ce ke yin aikin

Duk wadda ta yi shanya a hunturu ta san kaya kan bushe kafin azahar ko da rana ba ta fito da ƙarfi ba, a damina kuwa su wuni a kan igiya cikin zafi ba su bushe ba. Iskar da ke kwashe laima ita ce mai aikin, zafi mataimaki ne. Haka abin yake a kai. Dirayar da ke da iska mai ƙarfi da ɗumi matsakaici za ta busar da gashi da wuri ba tare da ta gasa shi ba. Mai raunin fanka kuwa sai ta rama da zafi, kuma irinta ce ke cin gwajin tafin hannu a kasuwa.

Saboda haka abu na farko da za a duba shi ne makunnai. Ki nemi wadda madannin zafi daban, na ƙarfin iska daban: zafi hawa uku, iska hawa biyu aƙalla. Ƙananan dirayoyi masu makunni ɗaya, mai lamba 1 da 2, sun ɗaure zafi da iska wuri guda, idan kina son iska mai ƙarfi dole ki karɓi zafi mai tsanani. Abin da gashinmu ke so kuwa, iska a sama, zafi a ƙasa, ba ya samuwa a cikinsu. Sai kuma madannin sanyi, wanda ke kashe wayar zafi ya bar fanka tana aiki. Da shi ake rufe kowane sashe bayan ya bushe, domin gashi yana riƙe siffarsa ne idan ya huce.

Abu na biyu shi ne injin fanka. Akwai mai alamar DC, marar nauyi mai sauƙin kuɗi, wanda ya ishi mai wanke kai sau biyu ko uku a wata. Akwai mai alamar AC, ya fi nauyi, ya fi ƙarfin iska da daɗewa, shi masu salun suka fi so. Sai sabon samfuri mai ƙaramin inji mai gudun gaske, wanda kamfanin Dyson na Ingila ya yi fice da shi a 2016. Injin nasa yana juyawa har sau 110,000 a minti, kuma akwai ma'auni a ciki da ke bibiyar zafin iska yana rage shi kafin ya kai ga ƙuna. Kuɗin wannan diraya ya fi ƙarfin yawancin gidaje, amma dabarar ta yaɗu, yanzu kamfanoni da dama suna yin irinta da rangwame. Nauyi ma abin dubawa ne. Cikakken gashi kan ci minti 30 zuwa awa guda, hannun da ya gaji kuwa shi ne ke matso da diraya kusa da kai ya ƙara zafi don a gama.

Me za ki yi da ita?

Na'urar busar da gashi ta daɗe a duniya. Bafaranshe Alexandre Godefroy ne ya ƙera ta farko a ƙarshen shekarun 1880, wata hula da ake jonawa da bututun murhun gas, ta hannu kuma ta shiga kasuwa wajen 1920 da ƙarfin da bai wuce wat 100 ba. Siffar handiraya ta asali, bututu mai hura iska kai tsaye, miƙaƙƙen gashi ta fi dacewa da shi. Idan aka saki wannan iska a kan nannaɗaɗɗen gashi haka nan, sai ta watsa shi ta cakuɗa shi. Bakunan da ake maƙala mata ne ke mayar da ita tamu, kuma kowane baki da aikinsa.

Idan burinki ki miƙar da gashi don kitso, shuku ne ko zane ko kalaba, baki mai mataji kike buƙata. Ki duba haƙoransa: su zama masu tazara, masu kauri, bakinsu a dakushe, ba wani kaifin roba da zai kankare sili. Ki girgiza shi ki ji ko yana kama jikin diraya da kyau, domin da yawa suna faɗuwa da zarar roba ta ɗumama. Akwai kuma siririn baki mai faɗi da ke tattara iska wuri guda. Da shi ake hanyar da ta fi kowace sauƙi ga gashi: a kama bakin sashe da yatsu a ja shi a hankali, a bi shi da iska daga saiwa zuwa ƙasa, ba mataji ba buroshi.

Idan kuwa so kike naɗin gashinki ya fito yadda Allah Ya halicce shi, to difiyuza ce abokiyar aikinki, wato faffaɗan baki mai siffar kwano da 'yan yatsu a ciki. Tana rarraba iska ta fito a hankali ta ko'ina, gashi ya bushe bai watse ba. Mai dogon gashi ko cikakke ta nemi kwano mai zurfi da faɗi, mai yatsu dogaye da za su kai ga saiwa. Difiyuzar da ta zo tare da dirayar a kwali ɗaya ta fi wadda aka saya daban da sunan tana shiga kowace diraya.

Aiki na uku shi ne wanda aka fi mantawa alhali shi muka fi yi: busar da kai da kitso a jiki. Ga wannan akwai hular yadi mai bututu da ake ɗaurawa a bakin handiraya, iska ta cika ta ta zagaye kai gaba ɗaya. Ba ta da tsada, ba ta buƙatar taɓa gashi, kuma tana amfani ranar da aka shafa kwandishana ana son ɗumi ya shigar da shi. Da ƙaramin zafi kawai ake aiki da ita. Ita kuwa diraya mai buroshi a jiki, wadda ta yi tashe a 'yan shekarun nan, tana da sauri, sai dai gashi na kwanciya kai tsaye a kan wurin da ya ɗauki zafi, ga ja ga wuta lokaci guda. Mai gashin gida na huɗu ta yi kaffa-kaffa da ita.

Rubutun jikin kwali

Kalmomi uku sun fi yawa a kwalaye. Ionic na nufin dirayar tana sakin wasu ƙwayoyin caji da ke kashe tartsatsin da ke sa gashi ya tashi ya watse. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke bushewa har mayafi ya riƙa tartsatsi a jiki, wannan yana da amfani na gaske. Ceramic na nufin an lulluɓe sashen zafi da wani nau'in tangaran don ɗumi ya rarrabu daidai. Tourmaline kuma wani dutse ne da ake niƙawa a shafa a ciki don ƙara waɗancan ƙwayoyin caji. Duka ukun ƙari ne mai kyau, amma ido ba ya iya tabbatar da su a shago, kuma buga kalma a kwali ba ya cin kuɗi. Kada ɗayansu ya sa ki karɓi diraya mai makunni ɗaya.

Lambar wat kuwa yawan wutar da na'ura ke sha take nunawa, kuma wayar zafi ce ke shanye kusan duka. Dirayoyin hannu na gaskiya suna tsakanin wat 1200 zuwa 2400. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Najeriya da Gana yana ɗauke da fiyus na amfiya 13, wanda a kan bolt 230 iyakarsa kusan wat 3000. Duk kwalin da ya ce 5000 ko 8000, lissafi bai goyi bayansa ba, kuma kamfanin da ya yi ƙari a nan ba abin amincewa ba ne a sauran bayanansa. Ga gashinmu a gida, 1600 zuwa 2000 ya wadatar.

Wutar gidanki fa?

Wannan tambaya ce da shawarwarin ƙasashen waje ba sa yi, a wurinmu kuwa ita ke yanke hukunci. Najeriya da Gana suna kan bolt 230, Nijar tana kan 220, Amurka da Kanada kuwa 120. Dirayar da 'yar'uwa ta aiko daga Amurka, wadda galibi za ki ga an rubuta 125V da 1875W, idan aka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu za ta ja fiye da ninki uku na wutar da aka yi ta dominta, ta ƙone nan take. Ƙaramar adafta siffar ƙafa kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta, tiransifomar da za ta ɗauki wat 2000 kuwa nauyinta da kuɗinta sun fi na sabuwar diraya. Tsarabar Dubai da ta Ingila da ta Sin wutarsu ta yi daidai da tamu. Ta Saudiyya ma yawanci haka ne, amma a karanta jikinta, domin ƙasar ta daɗe tana amfani da 127 tare da 220. Abin nema shi ne 220–240V. Haka nan a kayan gwanjo, lambar jikin na'ura ake dubawa, ba ta kwali ba.

Sai batun janareta. Ƙaramin nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauki diraya ba. Mai 2.5 kVA zai ba da kusan wat 2000, ma'ana sai an kashe firij da dutsen guga. Mai sola kuma ta sani cewa diraya mai wat 2000 tana shan yunit guda cikin rabin awa, kusan duk abin da ya kamata a zuƙa daga batir ɗin ruwa mai 200Ah ke nan, kuma ƙaramar inbata za ta yanke tun kafin a kai nan. A irin waɗannan gidaje, diraya mai wat 1200 mai iska mai kyau ta fi babbar da ba za ta taɓa tashi ba. Idan kuma wutar layi ta zo ba ƙarfi, misali ta sauka zuwa bolt 180, ɗumin zai ragu zuwa kusan kashi 60 cikin ɗari, fanka ma ta yi sanyi. Haƙuri ake yi a irin wannan rana, kada a manna bakin diraya a kai.

A jona ta a soket ɗin bango kai tsaye. Siririyar wayar ƙari mai soket da yawa tana ɗumama har ta narke a ƙarƙashin amfiya takwas ko tara da diraya ke ja. Kuma a nisanta ta da banɗaki da bokiti da jiƙaƙƙen siminti. Tun 1991 ake ƙera dirayoyin kasuwar Amurka da na'urar da ke yanke wuta idan sun faɗa ruwa, saboda rayukan da aka rasa ta wannan hanya, yawancin waɗanda ke kasuwanninmu kuwa ba su da wannan kariya.

Gwajin da ya dace a shago

A ce wa mai shago ya jona ta. A sa zafi a hawa na ƙasa, iska a na sama, a riƙe ta nisan taƙi guda daga cikin damtse. Idan kin iya jurewa tsawon lokaci ba tare da kin janye ba, ga kuma iska tana kaɗa hannun rigarki da ƙarfi, to wannan ce. A danna madannin sanyi a ji ko iska ta huce cikin 'yan daƙiƙu. A saurari ƙararta, kada a ji karkarwa ko gogayya, a shinshina ko akwai ƙaurin roba, a leƙa ciki a tabbatar wayar zafi ba ta yi jajir ba. A taɓa wayar wuta a ji kaurinta, a duba tsawonta, a ga ko ragar baya tana buɗuwa don shara. A nemi sunan kamfani da adireshi da takardar garanti, a karɓi rasit. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Diraya mai matsakaicin kuɗi da ta ci wannan gwaji ta fi mai ƙyalli da ta faɗi.

Bayan an kawo ta gida

Diraya mai kyau a hannun mai gaggawa ɓarna za ta yi. A fara tsane ruwa da tsohuwar rigar auduga ko tawul mai laushi, matsawa ake yi ba gogawa ba. A warware sarƙa da yatsu da babban mataji tun gashi yana da santsin kwandishana, daga baki zuwa saiwa, domin matajin diraya ba na warware ƙulli ba ne. A kasa gashi gida shida ko takwas, a shafa maganin kariya daga zafi, irin mai sinadarin silikon da ke rage saurin shigar zafi cikin sili. Man kaɗanya da man shanu a ajiye su sai an gama, su rufe laimar da ta rage. A bar tazarar santimita 15, hannu na motsi, iska na bin gashi zuwa ƙasa. Don kitso ba sai ya bushe ƙarau ya miƙe sumul ba. Da zarar ya saki yadda mai kitso za ta iya tsaga shi, a rufe da iska mai sanyi a tsaya.

Gaban goshi da gefen kunne su ne mafi rauni, su ne kuma kitso ya fi ja. Binciken Khumalo na 2007 a unguwar Langa ta Cape Town ya samu kusan mace ɗaya cikin uku tana da cinyewar gashi ta dalilin ja. Wurin da ke fama da wannan bai kamata a ƙara masa wuta ba, iska mai sanyi ta ishe shi. Ragar baya kuma a riƙa share ta da tsohon buroshin haƙori, musamman lokacin ƙura. Idan ta toshe iska na raguwa, zafi na taruwa, sai makarin da ke ciki ya riƙa kashe na'urar. Idan ta fara haka, shara take nema. In an kai ta gyara, a ja kunnen mai gyara kada ya cire makarin ya haɗa waya kai tsaye, domin shi ne ke tsakanin diraya da gobara.

Wannan ilimi bai tsaya a ɗakin uwargida ba. Mata da yawa a salun ake busar musu da kai, inda layi ke da tsawo, janareta na shan mai, mai aiki na son ta sallami kowa. Haƙƙin mai gashi ne ta ce, Anti, don Allah a rage zafin, a ɗan ja da baya, kuma mai salun da ta san sana'arta za ta gane cewa kwastomar da gashinta ke ƙaruwa ita ce ke kawo mata wasu. Yara mata sun fi kowa buƙatar a yi magana a madadinsu. Fatar kansu ta fi laushi, silinsu ya fi siriri, kuma an koya musu cewa kukan kitso rashin haƙuri ne, don haka sai su yi shiru su jure. Yarinyar da ke ƙanƙame wuya idan diraya ta matso tana faɗin gaskiyar da ya kamata a ji.

Lissafin a bayyane yake. Gashin da ba ya kai santimita ɗaya a wata, idan aka ƙona santimita goma daga bakinsa a yammaci guda, an yi asarar tsiron wajen shekara guda. Minti goma sha biyar da ƙaramin zafi zai ƙara miki a ranar wankin kai bai kai wannan tsada ba. Ki zaɓi dirayar da za ki iya juya zafinta yadda kike so, mai bakin da ya dace da aikinki, wadda wutar gidanki za ta ɗauka, sannan ki koya wa 'ya'yanki da ƙannenki riƙe ta da nisa tun ranar da suka fara wanke kansu da kansu.